Daga Jakar Wasiƙunku: Shin da Gaske Ne Wani Garin Taurari Ya Nufo Mu?

  

A wannan mako wasiƙa ɗaya tak za mu ɗauka, domin amsarta tana da tsawo. Ta fito ne daga wani manomi, wanda kuma yake taɓa sayar da hatsi, daga wani ƙauye a yankin Funtuwa. Ya ce ran kasuwa wani yaro ya nuna musu hoto mai motsi a wayar hannu, inda ake cewa wai masana a Amurka sun hango wata duniyar taurari mai suna Andiromeda ta nufo tamu a guje, kuma wai karo za su yi. Ya ce tun daga ranar maganar ta cika rumfa. Wani maƙwabcinsa da ya yi niyyar dasa mangwaro hamsin a fadamarsa ya fasa, wai wa zai sha? Wani kuma da ake bi kuɗin masara buhu biyu ya ce a ƙara haƙuri, tunda komai ya kusa ƙarewa. Saboda haka mai wasiƙar yake so ya ji mece ce Andiromeda, da gaske ne ta nufo mu, ita kaɗai ce ko akwai wasu a bayanta, kuma ko ita ce ke kawo tsananin zafi da rikicewar damina.

To, Malam, mun gode da wannan wasiƙa. Ga gajeruwar amsa tukuna: ka gaya wa mai mangwaro ya je ya dasa abinsa, mai bashi kuma ya nemo kuɗin mutane ya biya. Akwai gaskiya a cikin labarin, sai dai an yanke mata kai da ƙafa kafin ta iso rumfarku. Yanzu ka gyara zama ka ji doguwar amsar.

Garin taurari

Da farko dai, Andiromeda ba duniya ba ce irin wadda muke takawa, ba kuma tauraro guda ba ne. Taron taurari ne mai yawan gaske da ke zaune wuri ɗaya, wanda masana ilmin taurari ke kira galaksi. Mu a nan bari mu ce masa garin taurari, domin kwatancen zai yi mana amfani har ƙarshen bayani. Kowane tauraro gida ne, taron gidaje kuwa shi ne gari.

Ranar nan tamu da ke fitowa kullum ita ma tauraruwa ce, kusancinta ne ya sa ta fi saura girma da zafi a wurinmu. Ita ce gidanmu, duniyarmu da su Zara duk 'yan cikin gidan ne masu kewaya ta. Gidan kuma yana cikin wani gari. Idan ka taɓa kwana a gona a daren da babu farin wata, ka ga wani farin zane mai kama da hayaƙi ya ratsa sama daga wannan gefe zuwa wancan, to garinmu ke nan kake kallo daga ciki. Turawa na kiransa da sunan da ke nufin Hanyar Madara. Taurarin da ke cikinsa sun haura miliyan dubu 100. Duk wani tauraro da idonka ke iya warewa da dare, har da Kaza da 'ya'yanta, ɗan garinmu ne.

Siffar garin namu kuwa, ɗauki faifai ka duba. Ka ga yadda mai saƙa ta fara daga cibiya tana naɗawa, tana kewayawa har ta kai baki? To haka yake: shimfiɗaɗɗe, mai tudu a tsakiya, da hannuwa da suka murɗe suna kewaya cibiyar. Kuma juyawa yake yi. Ranarmu tana zaune ne wajen rabin tafiya tsakanin cibiya da baki, kuma takan ɗauki shekara wajen miliyan 230 kafin ta kewayo sau ɗaya.

Andiromeda shi ma irin wannan faifan ne, sai dai ya fi namu faɗi da yawan gidaje. An ƙiyasta taurarinsa sun kai tiriliyan 1, watau miliyan sau miliyan. Da za ka zauna kana ƙirga su ɗaya a kowace daƙiƙa, ba barci ba cin abinci, sai ka shekara fiye da 31,000 ba ka gama ba. Shi ne babban gari mai siffar faifai da ya fi kowane kusa da namu.

Ma'aunin nisa

To amma kusa ɗin nan, wane irin kusa? Fatake a dā ba su auna hanya da kilomita, sai su ce tafiyar kwana kaza ce. Masana taurari ma haka suke yi, sai dai matafiyinsu haske ne, domin babu abin da ya kai shi sauri. Haske na cin kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya. Daga nan zuwa rana kilomita miliyan 150 ne. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa, ba tsayawa, sai ta shekara 171 a hanya, amma haske a minti 8 da 'yan daƙiƙoƙi yake isowa.

Da wannan ma'auni, tauraron da ya fi kusa da ranarmu tafiyar haske ce ta shekara 4 da 'yan watanni. Kaza da 'ya'yanta shekara wajen 440. Faɗin garinmu daga baki zuwa baki shekara wajen 100,000. Andiromeda kuwa shekara miliyan 2 da rabi. Watau hasken da zai shiga idonka yau idan ka dube shi, ya baro can tun kafin a kafa Daura ko Kano, tun kafin a sari gona ko ɗaya a bayan ƙasa. Ka ji maƙwabcin da ake ce muku ya kusa isowa.

Yadda aka san shi

Ba jiya aka fara ganinsa ba. Wani masani mutumin Farisa, Abdurrahman al-Sufi, ya ambace shi a littafinsa na siffofin taurari a wajen shekarar 964, ya kwatanta shi da ɗan ƙaramin gajimare. A 1764 wani Bafaranshe, Charles Messier, ya sa shi na 31 a jerin abubuwa masu dishi-dishi da ya tattara, shi ya sa har yau ake ce masa M31. Amma an daɗe ana gardama: hayaƙi ne a cikin garinmu, ko kuwa wani gari ne dabam?

Wanda ya raba gardamar shi ne Edwin Hubble, Ba'amurke, a 1923, da babban madubin hangen nesa na dutsen Wilson a Kaliforniya. Ya gano a cikin gajimaren wani irin tauraro mai ƙara haske yana ragewa a kan ƙa'ida. Kafin nan wata masaniya, Henrietta Leavitt, ta riga ta nuna cewa tsawon lokacin da irin wannan tauraro ke ɗauka yana ƙaruwa da raguwa shi ke faɗin ainihin ƙarfin haskensa. Ai ka san idan ka san ƙarfin fitila, sannan ka hango ta da dare ta dusashe, kana iya cewa ga nisan mai riƙe da ita. Da Hubble ya yi lissafi sai ya ga nisan ya wuce iyakar garinmu nesa ba kusa ba. Daga nan aka tabbatar cewa garinmu ba shi kaɗai ba ne.

Maganar cewa ya nufo mu ma tsohuwa ce. Tun 1912 wani masani, Vesto Slipher, ya auna haskensa a Arizona ya ga alamar matsowa. Ma'aunin yau ya nuna garuruwan biyu na kusantar juna da gudun kilomita wajen 110 a daƙiƙa. A awa ɗaya sukan rage nisa kwatankwacin daga nan zuwa wata. Wannan ɓangaren na labarin gaskiya ne. Amma auna shi da tsawon hanyar. A shekara 70, rayuwar dattijo guda, abin da Andiromeda zai matso bai wuce kashi ɗaya cikin miliyan 100 na hanyar ba. Kamar mutum ne ya taso daga Legas zai zo Kano, tafiyar kilomita wajen 1,000, ya shekara 70 yana tafe, aka duba aka ga faɗin farce ɗaya ya matsa.

Gundumarmu

Ka tambaya ko shi kaɗai ne. A'a, kuma nan ne maganar ta fi daɗi. Garuruwan taurari ba su cika zama ɗai-ɗai ba, rukuni-rukuni suke, kamar yadda garuruwa da ƙauyuka ke haɗuwa su yi gunduma. Abin da ke ɗaure su shi ne ƙarfin ja, watau ƙarfin nan da ke sa mangwaro ya faɗo ƙasa idan ya tsinke, yake kuma riƙe da wata kada ya ɓalle daga duniya. Duk abu mai nauyi yana jan ɗan'uwansa. Gwargwadon nauyi gwargwadon ja, kuma idan nisa ya ƙaru ja ya ragu.

Garinmu da Andiromeda 'yan gunduma ɗaya ne, wadda Hubble ya raɗa wa suna a 1936, sunan da ke nufin Rukunin Gida. Faɗinta tafiyar haske ce ta shekara wajen miliyan 10, kuma an san garuruwa fiye da 80 a cikinta. Amma manya biyu ne kawai, mu da Andiromeda. Na uku, wanda ake kira M33, shi ma faifai ne amma ƙarami, yana can kusa da Andiromeda. Sauran duk ƙauyuka ne da rugage, kusan kowanne ya raɓu da ɗaya daga cikin manyan biyu. Andiromeda na da irin waɗannan 'yan rakiya fiye da 30, fitattun su ne M32 da M110. Namu mafi girma shi ne Babban Gajimaren Majalan, mai nisan shekara wajen 160,000, wanda mutanen kudancin Afirka ke gani sosai da ido.

Zaman kuwa ba na lumana ba ne kullum. Kamar yadda birni ke cinye ƙauyukan gefensa har su zama unguwanni, haka manyan ke haɗiye ƙanana. A 1994 an gano wani ƙaramin gari da garinmu ke cikin yayyagawa, a 2001 kuma aka gano wani dogon zirin taurari a gefen Andiromeda, ragowar wani gari da ya riga ya cinye.

Akwai kuma wani abin mamaki da Andiromeda ya taimaka aka gane. A 1970 Vera Rubin da Kent Ford sun auna yadda yake juyawa, suka ga taurarin bakin faifan na gudu fiye da yadda nauyin abin da ake gani zai iya riƙe su. Ke nan akwai wani ɓoyayyen nauyi da ba ya haske, wanda ya ninka na taurarin sau da yawa. Kamar ka ɗora buhu a sikeli ka ga ya ninka abin da idonka ya ƙiyasta. Wannan ɓoyayyen nauyi shi ne mafi yawan igiyar da ta ɗaure mu da Andiromeda.

Gundumomin maƙwabta

Idan ka fita daga gundumarmu sai ka ratsa daji, sannan ka tarar da wasu gundumomin sun kewaye mu. Bari mu ambaci huɗu.

Ta fuskar arewa akwai gundumar M81, mai nisan shekara wajen miliyan 12. Shugabanta kyakkyawan faifai ne da wani Bajamushe, Johann Bode, ya gano a 1774. Kusa da shi akwai M82. Waɗannan biyu sun taɓa gogar juna shekaru miliyan ɗaruruwa da suka wuce, kuma har yau M82 bai huce ba: girgizar ta matse iskar da ke cikinsa, yana ta haifar sababbin taurari da sauri fiye da garinmu.

Ta fuskar kudu akwai gundumar Santauras A da M83, mai nisan shekara miliyan 12 zuwa 15, sai kuma gundumar da NGC 253 ke shugabanta, mai nisan wajen miliyan 11, wanda wata mace, Caroline Herschel, ta gano a Ingila a 1783.

Ta huɗu ita ce gundumar Maffei da IC 342, mai nisan wajen miliyan 10 zuwa 11. Ita wannan ta daɗe a ɓoye, domin ƙurar garinmu ce ta tare ta, kamar yadda hazo ke ɓoye dutse. Sai a ƙarshen shekarun 1960 wani ɗan Italiya, Paolo Maffei, ya gano manyan garuruwanta biyu. Da farko ma an zaci babban cikinsu ɗan gundumarmu ne, sai da aka sake awo aka ga yana can ƙetaren iyaka.

A 2014 wani masani a Kanada, Marshall McCall, ya nuna cewa manyan garuruwa 12 na waɗannan wurare sun yi mana zobe, mu da Andiromeda muna tsakiya, kuma kusan duka a shimfiɗe ɗaya muke, kamar 'yan majalisa sun kewaye tabarma. Ya kira su majalisar ƙattai.

Can gaba kuma akwai babban birni, wanda ake hange ta wajen burujin Sumbula, Turawa na ce masa Birgo. Nisansa shekara wajen miliyan 54, kuma garuruwa fiye da 1,000 ne suka cunkushe a cikinsa. Gundumarmu da maƙwabtanta duk 'yan karkarar wannan birni ne.

Don ka riƙe hoton a ka, ajiye faifai ɗaya a tsakar gida, ka ce garinmu ne. Andiromeda wani faifan ne da ya ɗan fi shi, taku goma daga nan. Gundumomin maƙwabta suna wajen taku arba'in zuwa sittin, can bayan danga. Birnin Birgo kuwa sai ka yi taku fiye da ɗari biyu.

Me ya sa wannan ke zuwa, waɗancan na tafiya?

Ka tambaya ko akwai wasu a bayansa da su ma suka nufo mu. To ka kwantar da hankalinka, waɗancan gundumomi nisa suke ƙara yi da tamu. Birnin Birgo ma yana ja da baya da gudun kilomita wajen 1,000 a daƙiƙa. Dalili kuwa, tun ƙarshen shekarun 1920 aka gano cewa sararin samaniya kansa buɗewa yake yi. Ɗauki ƙullun burodi da aka cusa wa ƙwayoyin gyaɗa. Idan ƙullun ya tashi, kowace gyaɗa na nisa da 'yar'uwarta, amma ita gyaɗar ba ta kumbura, domin a dunƙule take. Kowace gunduma gyaɗa ce guda, sararin da ke tsakani shi ne ƙullun.

Watau ƙarfi biyu ne ke kokawa. A cikin gunduma, inda garuruwa ke kusa, ja ne ke kayarwa, shi ya sa mu da Andiromeda muke matsowa. Tsakanin gunduma da gunduma kuwa buɗewa ce ke kayarwa. Ba wai maƙwabtan ba su jan mu ba ne. Suna ja, birnin Birgo ma nauyinsa yana rage saurin rabuwarmu da shi, amma bai isa ya juyo da mu ba. Daɗin daɗawa, a 1998 aka gano cewa buɗewar ƙara sauri take yi, binciken da ya sa aka ba mutum uku lambar Nobel a 2011. Ke nan maƙwabtan ƙetare sai dai su ƙara nisa, mu 'yan gida ɗaya ne aka bari da juna.

To, za a yi karon?

A 2012 hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta ba da sanarwa, bisa awon da aka yi da madubin Hubble da ke kewaya duniya, cewa garuruwan biyu za su haɗu nan da shekara wajen miliyan dubu 4. Ga alama daga nan ne mai hoton wayarku ya tsinto labarin, sai ya manta da shekarun. Ba 4 ba, ba 4,000 ba, miliyan dubu 4. Duniyarmu kanta shekarunta wajen miliyan dubu 4 da rabi ne.

Ko wannan ma ba a tsaya a kansa ba. Gane saurin abin da ya doso ka kai tsaye abu ne mai sauƙi, amma gane ko yana ɗan karkata gefe, daga irin wannan nisa, aiki ne ja. A 2025 wasu masana ƙarƙashin Till Sawala na Jami'ar Helsinki a ƙasar Finlan suka sake lissafin a na'ura mai ƙwaƙwalwa sau 100,000, da sababbin awo na madubin Hubble da na kumbon Gaia na Turai. Wannan karon sun sa ƙananan 'yan gunduma a lissafi. Sai suka ga M33 yana ƙara yiwuwar haɗuwar, shi kuwa Babban Gajimaren Majalan yana fizgar garinmu gefe, yana rage ta. Sakamakon da suka samu shi ne rabi da rabi: ko a haɗu cikin shekara miliyan dubu 10 masu zuwa, ko a saɓa. Yiwuwar karo nan da shekara miliyan dubu 5 kuwa ba ta wuce kashi 2 cikin 100 ba. Ka ga ashe ƙananan maƙwabta ma suna da ta cewa a sha'anin manya, kamar dai a gari.

Idan ma an haɗu, ba irin karon mota da mota ba ne. Garuruwan kusan duk fili ne. Da a ce ranarmu ƙwayar gyaɗa ce a Kano, to sai ka wuce Kaduna kafin ka tarar da gyaɗa ta biyu, watau tauraro mafi kusa. Da wuya ƙwarai tauraro ya bugi tauraro. Abin da zai faru shi ne faya-fayan biyu su ratsa juna, siffarsu ta wargaje, su yi ta kai da kawo na shekaru miliyoyi, daga ƙarshe su narke su zama babban gari ɗaya mai siffar ƙwai. Maganar ranar tashin duniya kuwa, wannan ba fagen masu madubi ba ne, kuma babu masanin kirki da ya taɓa ɗora ta a kan Andiromeda.

Zafi da damina

Babu ruwan Andiromeda da daminarku. Haskensa da kyar ido ke kama shi, balle ya ɗumama ƙasa. Damina da rani suna bin karkatar duniya ne a kewayenta da rana, da kuma iskar da ke ɗauko ruwa daga teku ta kudu maso yamma. Ƙaruwar zafi da ake gani a duniya kuwa, masana yanayi sun danganta ta ne da hayaƙin kwal da fetur da gas, da kuma sare dazuzzuka. Ka ga ke nan mai dasa mangwaro hamsin yana cikin masu gyara, kada a bari ya fasa.

Fita ka gan shi da idonka

A nan ku mutanen karkara kun fi na birni sa'a, domin hasken lantarki kashe taurari yake yi. Andiromeda na cikin abubuwa mafi nisa da idon ɗan Adam ke iya gani ba tare da madubi ba. Lokacin da ya fi kyau shi ne da kaka, daga Oktoba zuwa farkon Disamba, ruwa ya ɗauke, hazo bai yi kauri ba. Zaɓi daren da babu farin wata.

A tsakiyar Nuwamba, wajen ƙarfe 9 na dare, fita bayan gari ka kashe tocila, ka ajiye waya a aljihu, ka ba idonka minti 20 ya saba da duhu. Fuskanci arewa. Kaza da 'ya'yanta za su kasance a hannunka na dama, sun ɗago daga gabas. A gabanka, wajen rabin tafiya tsakanin ƙasa da tsakiyar sama, za ka ga taurari biyar masu haske sun yi siffar harafin M, kamar jinka biyu a jere. Kama tsinin jinkar hagu. Miƙe hannunka sosai ka dunƙule shi, ka auna dunƙule ɗaya da rabi daga wannan tsini zuwa sama. A nan za ka ga wani ɗan dishi-dishi mai tsawo, kamar an goga alli da yatsa. Idan ya ƙi fitowa, kada ka zura masa ido, ɗan kalli gefensa, domin gefen ido ya fi kama haske mai rauni.

Abin da kake gani cibiyarsa ce kawai. Da idonmu na da ƙarfin madubi, da mun ga faifan ya kai faɗin wata sau shida a jere. Tsawon da ka ga ya yi kuwa, don a karkace yake ne, kamar faifan da aka jingina kana hangensa ta gefe.

Ka tafi da mai mangwaro da mai bashi, har da yaron mai waya, ku gan shi tare. Al-Sufi ya gan shi a daidai wurin nan shekara fiye da 1,000 da suka wuce, kuma jikokin jikokinku za su same shi a nan, girmansa bai sauya a ido ba. Nan gaba idan an kawo muku irin wannan labari a kasuwa, ku yi masa tambayar da kuke yi wa mai kawo hatsi: daga ina, mudu nawa, kuma yaushe? Labarin da ba ya faɗin nisa da lokaci, buhu ne da ba a kwance bakinsa ba.

Da fatan Malam ya gamsu. Sauran waɗanda suka aiko da wasiƙu, ku ƙara haƙuri, suna nan a jaka, za mu bi su ɗaya bayan ɗaya. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. A huta lafiya.